Kaset ɗin Gidan Jatau

Ku da kuka tashi kuka tarar da waƙa a cikin aljihu, kuna ganin sana'armu ba a bakin komai take ba. Rannan na ji ɗaya daga cikinku, a nan bakin shagona na kasuwar Ƙanƙara, yana gaya wa abokinsa wai aikin mai kaset danna maɓalli ne kawai. Ban tanka masa ba, don bakina da goro. Amma tunda yau kun zauna, wuta kuma ba ta dawo ba balle ku karɓi wayoyinku ku watse, bari in ba ku labarin kaset guda ɗaya.

Ni Ummaru a Faskari na koyi aiki, a hannun Alhaji Bawa mai rikoda, Allah ya ji ƙansa. Shekarata ta farko ban taɓa maɓallin da kuke rainawa ba. Aikina ɗaukar batirin mota a ka zuwa wurin caji, da goge kan rikoda da auduga da sifirit, da naɗe zaren kaset da biro idan rikoda ta tauna shi. Daga baya ya koya mini ɗinkin zare. Idan ya tsinke, za ka yanke bakunan biyu da reza a karkace, ka haɗa su da ɗigon jan farce, ka danne da farcen babban yatsa har ya bushe. Ka zuba da yawa, ya manne da na ƙarƙashinsa, waƙa ta lalace. Ka zuba kaɗan, ya rabu a cikin motar wani direba a hanyar Sabuwa, ya dawo ya zage ka a gaban jama'a. Na sha irin wannan zagi har na ƙoshi.

Babbar dokar Alhaji a kan uwa take. Uwa ita ce kaset ɗin farko da aka ɗauko daga bakin mawaƙi. Ba a sayar da ita, ba a ba da aronta, ba a kunna ta don jin daɗi, domin duk juyi ɗaya da ta yi a cikin rikoda tana cin jikinta ne. Sau ɗaya za ka kunna ta ka fitar da 'ya, sannan daga jikin 'yar ka riƙa buga na sayarwa. Uwa kuwa a naɗe ta a ƙyalle, a sa ta a akwatin ƙarfe nesa da rana da danshi. Na taɓa ganin Alhaji ya kori wani ɗan'uwansa daga shago saboda ya kunna uwa don ya burge budurwa.

Da na samu 'yancin kaina sai na dawo Ƙanƙara, ina bin kasuwanni da akwatina a bayan babur. Masu saye iri-iri ne. Direba ba ruwansa da waƙar, shi dai ta yi ƙara. Bafillace zai tsuguna ya saurari gefe guda tun daga farko har ƙarshe, sandarsa a kafaɗa, sannan ya ce a juya ɗaya gefen, sannan ya ce zai yi shawara. Matan aure kuwa aike suke yi, kuma idan ka kuskura ka aika da abin da ba shi aka ce ba, gidan nan ka rasa shi ke nan har da maƙwabta.

Aikin da nake son ba ku labarinsa a bayan Damari na yi shi, a wani ƙauye da ake kira Gidan Jatau. Manoma ne na gaske. Wasunsu suna zuwa coci, wasu masallaci, wasu suna nan a kan abin da suka gada, amma ranar gayya duk galma ɗaya ake riƙewa. A kasuwar Sabuwa na fara jin labarin makaɗinsu, Baba Tanko mai gangar noma, aka ce idan ya kaɗa, gurgu ma sai ya nemi galma. Na shiga da damina, hanya ta ɓaci, rabin tafiyar ni na tura babur ɗin.

Ɗaukar gayya ba kamar ɗaukar mawaƙi a zaure ba ne. Iska tana busa makirfo, sai da na cire safata na sa masa. Na ɗaure shi a kan gora, na rataya rikoda a wuya, ina tafiya da baya da baya a cikin kunyoyi ina bin ganga, laka har gwiwa. Idan na matsa kusa, ganga ta cinye muryoyi. Idan na ja baya, ƙarar galma ta rufe komai. A wannan rana na fahimci abin da ake kira take. Kowane magidanci a ƙauyen yana da nasa kiɗan, wanda ba a yi wa kowa sai shi. Baba Tanko zai sauya hannu, sai ka ga mutum ɗaya a cikin layi ya ɗaga kai ya yi kururuwa ya ƙara wuta, don an kira shi. Na Sarkin Noma Jatau, babban ƙauyen, shi ne mafi tsawo, kuma da shi aka rufe. Gefe biyu na kaset suka cika taf.

Da aka tashi, muna shan fura a gindin ɗorawa, na kunna musu kaɗan. Mutane suka yi ta dariya suna nuna juna. Baba Tanko kaɗai bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe.

Ya ce, "Ɗan Ƙanƙara, abin ga naka, in mutum ya mutu shina ci gaba da kiran shi?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba. Ai amfaninsa ke nan."

Ya ce, "To mu nan ba haka muke ba. Take na mai shi ne. Ran da ya mutu in kaɗa mashi sau ɗaya a bakin kabari, in kwantar da shi. Ba a sake tada shi sai ɗan shi ya ɗauki galma ran gayya, ya ja layi har ƙarshen gona ba wanda ya wuce shi. In an wuce shi, take ya ci gaba da kwana. Ba a kiran mutum gona alhali ba ya iya amsawa."

Na ce to yaya za a yi, tunda an riga an ɗauka. Ya ce in sayar, bai hana ba, amma duk wanda ya rasu in cire takensa daga abin da zan sayar. Wanda ya riga ya fita hannuna ya fita, ba zai bi kasuwa yana ƙwacewa ba, amma kada sabo ya fito daga hannuna da kiran mamaci. Na ce na yarda. A raina ina ganin abu ne mai sauƙi, don duk mutanen da na gani a gonar nan ƙarfafa ne.

Bayan damina biyu aka aiko mini cewa wani dattijo a cikinsu ya rasu. Ranar kasuwa Baba Tanko ya zo da kansa, ya zauna a kan wannan bencin da kuke kai. Na sa 'ya a baki ɗaya na rikoda, sabon kaset a ɗaya bakin. Ya rufe ido yana saurare, da aka zo wurin ya ɗaga yatsa, na dakatar da mai ɗauka na bar mai juyawa ta wuce, ya sauke yatsa na sake ta. Wurin haɗin ne aikin. Dole bugun da ka tsaya a kansa ya faɗa daidai da wanda za ka ci gaba da shi, in ba haka ba kunne zai ji an yi tuntuɓe. Sai da muka maimaita har ya gamsu. Tsohuwar 'yar na goge ta, sabuwar ta hau gurbinta. Mutanen ƙauyen kuma, ba wanda ya aike su, suka riƙa kawo nasu kaset ɗin ina sake buga musu a kai.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Kaset ɗin Gidan Jatau shi kaɗai ne a shagona yake raguwa. Wani direba ya taɓa dawo mini da shi, wai na cuce shi, wanda ya saya wa wansa a da ya fi wannan tsawo. Na ce masa gaskiya ne, na ba shi wani abin ya tafi.

Sannan faifai ya zo, bayansa memori. Abokan sana'ata suka watse, wani ya koma sayar da takalma, wani ya tafi Kaduna gadi. Ni na sayi kwamfuta tsohuwa na koyi tura waƙa a waya, na ƙara da cajin waya, shi ne kuke ganina a ciki yau. Mutane suna cewa wannan ce muguwar shekarar masu kaset. A wurina ba ita ba ce.

Muguwar shekarata ita ce wadda ɓarayin daji suka tashi Gidan Jatau. Ba a rana ɗaya aka yi ba. An fara da shanu, aka koma ɗaukar mutane a hanya, sannan aka hana noma. Sarkin Noma Jatau ya ce shi ba zai bar dawarsa ta bushe a tsaye ba, ya fita gona, a can aka same shi. Kafin kaka ta ƙare, waɗanda suka rage sun kwashe abin da za su iya ɗauka, wasu suka yi Sabuwa, wasu Faskari, wasu nan Ƙanƙara wurin dangi.

Baba Tanko yana cikin waɗanda suka zo nan. Ya tsufa, ido ya yi rauni, ana riƙe masa hannu. Ya zauna a benci ya ce in ɗauko abin aiki. Na ce, "Baba, ka huta tukuna." Ya ce ba hutu ya zo yi ba. Muka fara. Yatsan nan ya tashi, ya sauka, bai daɗe ba ya sake tashi. Wani wurin ma bai sauke ba, take ya wuce, na bayansa ya wuce, na bayan wannan ma ya wuce, yatsa yana sama. Waɗansu bai samu kaɗa musu a bakin kabari ba, don ba a samu zuwa ɗauko su ba. Da muka zo na Jatau, wanda aka rufe da shi, ya ɗaga hannun gaba ɗaya. Abin da ya rage bai cika rabin gefe ɗaya ba. Ban taɓa jin nauyin aiki irin na wannan rana ba, kuma ban iya cin abinci ba sai washegari.

Da rani ya rasu a gidan 'yarsa. Uwa tana cikin akwatina, da kowa da kowa a cikinta, ba wanda aka cire.

Bara Nura ya zo hutu, ɗan ƙanwata, wanda yake aikin kwamfuta a Abuja. Shi ya buɗe akwatin ya ga farin fumfuna ya fara cin zaren uwayen. Ya ce, "Kawu, waɗannan in ba a kwashe su ba, nan da 'yan shekaru ba abin da za a ji." Gaskiya ya faɗa, ni na san haka, na dai rasa yadda zan yi. Ya zauna ya share su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa rikodata da kwamfutarsa ya kwashe. Da aka zo kan ta Gidan Jatau na ce a kashe lasifika. Ya dube ni, amma ya kashe. Muka zauna shiru muna kallon sautin yana hawa yana sauka a gilashi kamar kunyoyin gona. Ba don yaron nan ba, da yau babu ita, wannan ku riƙe shi.

Da ya ji labarin kaset ɗin sai ya kawo shawara. Ya ce yanzu waƙa ta zama kamar ruwan famfo, kowa ya buɗe ya sha ya rufe, ba wanda ya san mai rijiyar. Amma akwai wata hanya da ake kira bulokcen. Rajista ce da take zaune a cikin kwamfutoci masu yawa a duniya lokaci guda. Za a sa kiɗan inda kowa zai iya saurare, a rubuta a rajistar cewa na mutanen Gidan Jatau ne, a sayar wa mai so shaidar mallaka, kuma duk sanda shaidar ta sauya hannu rabonsu zai zo musu. Ya ce akwai masu neman irin wannan tsohon kiɗa da ba shi da na biyu, amma cikakken suke so, ba guntun ba.

"Kawu, mutanen nan suna kwana a shagunan mutane. Kuma sunansu zai zauna har abada, ba mai iya gogewa, ko ni, ko gwamnati."

Ban raina maganarsa ba, kada ku ce tsoho ya ƙi sabon abu. A zamaninmu mawaƙi yana rabuwa da waƙarsa ne tun daga ranar da ta shiga rikoda, wasu su ci, shi ya mutu a ɗakin haya. Abin da zai riƙe sunan mai abu a jikin abinsa ba abin wasa ba ne. Na ce masa ni dai ba nawa ba ne balle in sayar. Ya ce, "To na wane ne?" Mai gangar ya mutu, masu taken rabi sun mutu, ƙauyen ya zama kufai.

Ana cikin haka, farkon damina, sai ga Dari, ɗan Sarkin Noma Jatau. Tun da suka zo Ƙanƙara acaɓa yake yi. Ya gaishe ni ya tsuguna, ya ce wani bawan Allah ya ba shi aron gona a wajen Ƙetare, ya kira gayya, mutanensu na Faskari da Sabuwa sun ce za su zo.

Ya ce, "Baba Ummaru, so nike in tada taken tsoho. Gangar tana wurin Mati, ɗan ƙanen Baba Tanko, amma shi Kaduna ya tashi, bai riƙe shi ba. Mun tambayi kowa, kowa ya ɗan tuna baki-baki. An ce mani shina wurinka."

Na ce yana nan. Na ce, "Ka san sharaɗin?" Ya ce ya sani. Na dubi hannunsa, hannun da ya yi shekara da shekaru yana murɗa totur ɗin babur, ba kanta ko ɗaya. Shi ma ya ga inda nake kallo.

Ranar gayya da hantsi muka isa, ni da Nura da kwamfutarsa da ƙaramar lasifika. Mutanen ba su kai rabin na da ba, kuma da yawansu furfura. Muka ja Mati da Dari can gefen gona, Nura ya nemo wurin, na ce ya kunna. Hannun Baba Tanko ya fito tas, da kururuwar Jatau a bayansa yana amsawa. Dari ya juya mana baya. Mati ya sa aka maimaita, yana bi da yatsu a cinyarsa, aka sake, aka sake, har ya ce ya isa. Na ce Nura ya rufe.

Aka ja layi. Mati ya fara da na masu rai, jiki ya yi zafi, sannan ya sauya hannu. Tsofaffin nan suka ɗaga kai gaba ɗaya. Dari ya yi kururuwa ya kafa galma. Kada ku ɗauka an bar masa hanya don maraya ne. Mutanen nan ba su san wannan ba, kuma da sun yi masa haka da sun zage shi. Wani ƙaton saurayi da yake aikin lebura a Faskari ya manne masa a dama, kafaɗa da kafaɗa. A tsakiyar gona na ga galmar Dari ta fara karkacewa, ƙotar ta yi ja da jini. Saurayin ya kai kansa daidai da nasa. Ni da nake tsaye a bakin gona na san in aka wuce shi ba lallai a sake tara waɗannan mutane ba. Mati ya ƙara wa ganga wuta. Ban san inda Dari ya samo sauran ƙarfin ba, amma ya isa ƙarshen kunya da tazarar da ba ta fi tsawon galma ba, ya faɗi a kan gwiwa. Mahaifiyarsa, wadda ta zo da tukunyar kunu, ta rangaɗa guɗa, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale.

Da aka zauna shan kunu, ana ɗaure wa Dari tafin hannu da tsumma, na ce wa Nura ga mai abu nan, ya tambaye shi. Nura ya yi masa bayani tiryan-tiryan, bai ɓoye komai ba, bai ƙara gishiri ba. Mutane suka matso suna ji. Da aka zo maganar rabo na ga idanu sun ɗago, kuma ban ga laifinsu ba.

Dari ya ce, "Malam Nura, na waɗanda ke kwance ba ni da iko da su, ba kau wanda ke da shi nan. Amma nawa, tunda yau nawa ne, sa shi duniya ta ji. Ran da na mutu sai ka sauke shi, har ɗana ya tashi."

Nura ya ce, "Ba ya saukuwa. Ko na cire shi a wuri ɗaya, shaidar tana hannun wanda ya saya, shi ke da iko. An gina abin ne don kada ya sauku."

"Ko mai shi ya mutu?"

"Ko ya mutu."

Dari ya dubi hannunsa, ya dubi tsofaffin. Ba wanda ya ce masa yi ko bari. Ya ce, "To a bar shi wurin Baba Ummaru. Shi ya iya cirewa."

A hanyar dawowa Nura bai yi fushi ba. Ya ce zai bincika ko akwai yadda za a gina irin wadda take kwanciya ta tashi, ya ce wataƙila akwai. Na ce ya bincika, in ya samo mu koma wurin Dari. Har yanzu yana kira yana tambayata yadda al'adar take, ina gaya masa abin da na sani.

Washegari na zo shago na share kan rikoda da auduga. Na sa 'ya a baki ɗaya, sabon kaset a ɗaya bakin, na buga ɗan abin da ya rage. Da ya ƙare ban kashe ba. Na jona abin da Nura ya kwashe, na nemo bugun da zai faɗa daidai, na saki taken Jatau ya shiga a ƙarshe, inda yake tun asali. Babu mai ɗaga mini yatsa, ni kaɗai na yi ta maimaitawa har haɗin ya zauna. Tun da na ɗauko kaset ɗin nan daga bayan Damari, ranar ce ta farko da na buga shi ya fi na jiya tsawo.

Ga wutarku nan ta dawo. Kowa ya duba lambarsa kafin ya ɗauki waya.